Abebe Bikila, Sojan da Ya Ci Tsere Ba Takalmi

Karatu: 1 Korintiyawa 9:24-27



In ka taɓa tashi daga Sakkwato da sassafe ka kama hanyar Jega, ka san inda Boɗinga take, ka kuma san sauran tafiyar da ke gabanka kafin ka shiga Shagari. To, ka ɗauka yau ba mota, ba babur. Ka bar Sakkwato da gudu, ka wuce Boɗinga ba ka zauna ba, ka miƙe har ka ci kilomita 42 da mita 195, Shagari tana gabanka. Wannan nisan shi ne na tseren da 'yan jarida ke kira gudun fanfalaki, iyayenmu kuma su ce gudun yada-ƙanin-wani. Mutumin da zan ba ka labarinsa ya cinye wannan nisa cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, kuma ƙafarsa ba takalmi.

Sunansa Abebe Bikila, mutumin ƙasar Habasha, ƙasar da ka saba jin sunanta a Ayyukan Manzanni sura 8, inda Filibus ya tarar da ma'ajin sarauniyarsu a kan hanyar Gaza. Na zaɓi labarinsa ne domin karatunmu na yau maganar masu tsere yake yi. Mutanen Koranti sun san abin da Bulus yake nufi ba sai an yi musu bayani ba, gama kusa da birninsu ake yin wata babbar gasar wasanni duk bayan shekara biyu, suna ganin yadda 'yan tsere ke horon jikinsu watanni kafin ranar. Mu kuwa a nan yawancinmu ba mu taɓa zama kusa da mai irin wannan gudu ba. Muna ganin ranar nasara a talabijin, sauran kwanakin shekarar ba ma ganinsu.

An haifi Abebe ranar 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye mai suna Jato, a lardin Shewa, kan tuddan da ke arewa da Addis Ababa. Ubansa makiyayi ne. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka faɗa wa ƙasarsu, a watan Oktoba na 1935, yaƙin ya sa gidansu suka yi ƙaura zuwa wani lungu mai nisa kafin daga baya su komo. Auren iyayensa bai ɗore ba, uwarsa ta sake aure. Yaro ne da ya tashi a bayan dabbobi da cikin gona, ba shi da bambanci da yaran da kake gani suna kora awaki a gefen titi tsakanin Boɗinga da Sifawa, sai dai nasa dajin sanyi ne da duwatsu. Wasan da samarin ƙasarsu ke yi shi ne gena, wani irin ƙwallon gora da ake bugawa da sanduna masu lanƙwasa, a fili mai faɗi ƙwarai, gari da gari. Sunan wasan ɗaya yake da sunan Kirsimati a wurinsu, domin a lokacin bikin ake buga shi. Ba wanda ya kira wannan horo. Amma ƙafar da ta yi shekara ashirin tana taka dutse ba takalmi, tafinta ya zama kamar ƙirgi, kuma wannan ya yi masa rana daga baya.

Wajen 1952, bayan ya koma Addis Ababa, ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie. Farabiti ne, mai albashin farabiti. A nan ne rayuwarsa ta shiga tsarin da take bi har ƙarshe: tashi kafin gari ya waye, fareti, gadi, gudu, barci. A tsakiyar shekarun 1950 yakan yi gudu tsakanin tuddan Sululta da Addis Ababa, tafiyar kimanin kilomita 20, kullum. Ka lura da kalmar nan kullum. Ni a ganina duk labarin mutumin nan a cikinta yake. Kowannenmu yana iya yin abin mamaki rana ɗaya. Na ga samari a ikkilisiya da suka kwana uku a tsaye lokacin taron farkawa, ba ci ba sha, muryarsu har ta dushe. Ka nemi waɗannan samarin a addu'ar safe ta ranar Talata bayan wata biyu.

Akwai wani Bature da gwamnatin Habasha ta ɗauka aikin koyar da motsa jiki, sunansa Onni Niskanen, haifaffen Finland da ya girma a Suwidin. Shi ya hangi sojan nan siriri, mai tsawon mita 1.77 da nauyin kilo 57 kacal, ya gane akwai abu a jikinsa. Abebe ya riga ya wuce shekara ashirin da 'yan kai kafin wani ya fara koya masa gudu bisa ƙa'ida. Ƙarfin yana da shi tun daga ƙauye. Abin da Niskanen ya ƙara masa shi ne lissafi, wato sanin ranar da za a yi doguwar tafiya, da ranar da za a yi gajeren gudu mai zafi a maimaita, da ranar da za a bar jiki ya huta. Sai kuma sanin yadda ake raba ƙarfi a cikin tsere don kada ya ƙare tun ana tsakiya. Soja ne, ya saba bin umarni, bai ga ƙasƙanci ba a ce wani ya riƙe masa agogo.

Ƙasar ma ta taimake shi. Addis Ababa tana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 2,300 daga bakin teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300 ce. A can sama iska ba ta da kauri, duk numfashi ɗaya abin da yake kai wa jini kaɗan ne. Jikin wanda ya zauna can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin. In irin wannan mutum ya sauko ƙasa ya yi gudu, sai ya zama kamar wanda ya saba ɗaukar buhu biyu aka ce ya ɗauki ɗaya.

Bari in ɗan tsaya a kan abinci, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Abincin tuddan Habasha abincin talaka ne. Akwai wata ƙwaya da suke kira tef, ƙanana ƙwarai, sun fi acca ƙanƙanta. Ana niƙa ta, a kwaɓa, a bar ƙullun ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, a toya shi da faɗi kamar babban sinasir. Shi ne injera, ana ci da miyar wake ko ta ganye, nama sai ranar da aka samu. Suna kuma da garin soyayyen sha'ir da ake damawa da ruwa, guzurin matafiyi da soja tun zamanin da. Ikkilisiyar Otodoks ta ƙasar tana da azumi mai yawa: Laraba da Jumma'a ba a cin nama ko madara ko ƙwai, ga kuma kwana 55 kafin Ista. A cikin irin wannan cima ƙasar ta fitar da masu gudun da suka gagari duniya. Masana sun bayyana dalili. Man da jiki ke ƙonawa a doguwar tafiya daga hatsi yake fitowa, jiki yana adana shi a tsoka da hanta, kuma ma'ajin ba shi da girma. Wajen kilomita 30 zuwa 35 yakan ƙare, shi ya sa a daidai nan ne za ka ga ƙato ya tsaya cak yana layi kamar mashayi. Wanda bai ci ya ƙoshi ba kwanakin da suka gabata, a nan asirinsa ke tonuwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Tef tana da sinadarin ƙarfe da jini ke bukata, geronmu ma haka. Furar da ake damawa a Shagari, da wake, da zogale, ba su gaza abincin Abebe da komai ba, mu ne muka raina su muka koma lemon kwalba da biskit.

A ranar 16 ga Maris, 1960, ya yi aure. Uwarsa ce ta nemo masa matar, sunanta Yewebdar Wolde-Giorgis. Auren haɗi ne irin wanda kakanninmu suka sani, kuma ya zauna har mutuwa ta raba. Ka riƙe wannan kwanan wata, ka ga abin da ya biyo baya. A watan Yuli ya ci tseren fanfalaki na farko a Addis Ababa. A watan Agusta ya sake ci cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, a kan wancan tudu mai ƙarancin iska. A watan Satumba yana Roma. Wato amarya ba ta cika wata shida a ɗakinta ba, mijinta ya zama na hanya da na bariki da na jirgin sama. 'Yar'uwa da ke auren soja ko ɗan sanda ko direban babbar mota ta san wannan zama ba sai na faɗa mata ba.

Gasar Olamfik ce ta 1960, a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasu shekara 25 da suka wuce. Ba wanda ya san sunansa. Ya sami sabon takalmi a Roma, takalmin bai yi masa daidai ba, ya tayar masa da bororo. Sai ya yanke shawarar ya yi gudu yadda ya saba a gida. Mutane da yawa suna ba da labarin kamar talauci ne ya hana shi takalmi. Takalmin yana nan, shi ne ya ajiye shi don yana cutarsa. Ka tuna da Dawuda da kayan yaƙin Saul.

Kafin ranar, shi da Niskanen sun bi hanyar tseren sun duba ta. Kusa da ƙarshenta akwai wani dogon ginshiƙin dutse da aka sassaƙa a Aksum, tsohon birnin Habasha, wanda sojojin Musolini suka kwaso ganima a 1937 suka kafa a Roma. Suka sa shi alama: in ka iso nan, ka saki duk abin da ya rage.

An tashi tseren da yamma ranar 10 ga Satumba saboda zafi, aka ƙare cikin dare. Sojojin Italiya suka jeru a gefen tsohuwar hanyar Afiya riƙe da sandunan wuta. Hanyar nan kuwa ita ce wadda aka bi da Bulus yana ɗaurarre zuwa Roma, inda 'yan'uwa suka fito suka tarye shi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 28 ta nuna. A kan daɓen duwatsunta Abebe ya taka da tafin ƙafarsa. Akwai wani abin dariya a ciki. An gargaɗe shi da wani ɗan Maroko, Rhadi Ben Abdesselam, aka ce lamba 26 zai saka. Abebe ya yi ta wuce mutane yana neman lamba 26 a gaba. Ashe mutumin ya sa lamba 185, kuma shi ne wanda yake gudu kafaɗa da kafaɗa da shi tun tsakiyar tseren. Sai dab da ƙarshe, bayan ginshiƙin Aksum, Abebe ya tsere masa, ya riga shi isowa da daƙiƙa 25. Ba a taɓa yin wannan nisa cikin lokaci kaɗan haka ba, kuma shi ne baƙar fata na farko daga ƙasar Afirka da ya ci zinare a Olamfik. Mako uku bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, Nijeriya ta sami mulkin kai. Ka ga irin shekarar da abin ya faɗo a cikinta. Ginshiƙin kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar da shi gida.

Ya koma aka tarye shi kamar sarki. Haile Selassie ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa muƙami zuwa kofur, rundunar ta ba shi gidan zama da mota da direba, don bai iya tuƙi ba tukuna. Ko wata huɗu ba a yi ba, a watan Disamba, sarkin yana ziyara a Barazil, shugaban dogaran, Janar Mengistu Neway, da ƙanensa suka yi yunƙurin juyin mulki. Abin bai yi nasara ba, jini ya zuba a birnin, daga baya aka rataye janar ɗin. Abebe ɗan wannan runduna ne. Aka kama shi, aka yi masa tambayoyi, aka sake shi da aka ga ba hannunsa. Ka duba matar nan. A shekara guda ta yi aure, ta ga mijinta a kan kafaɗun jama'a, ta kuma ga an tafi da shi ba ta san ko zai dawo ba.

Shekarun da suka biyo na tafiye-tafiye ne. A 1961 ya ci a Atina, nan ne ya yi tserensa na ƙarshe ba takalmi, ya ci a Osaka ta Japan, ya ci a Koshitse ta Cekosulobakiya. A 1963 ya je Boston a Amurka, ya ja gaba har nesa, tsoka ta ɗaure masa, ya zo na biyar. A duk manyan tseren fanfalaki na ƙasashen waje da ya kai ƙarshensu, wannan kaɗai ne bai ci ba. A cikin waɗannan shekaru kuma ana haifa masa 'ya'ya, har suka kai huɗu.

Ina so ka yi tunanin gidan mai irin wannan sana'a. Mutum ne da dole ya kwanta da wuri, dole abincinsa ya zo a kan lokaci, dole a hana yara hayaniya in ya dawo a gajiye. Wani ne yake ɗaukar wannan dolen. Littattafan tarihin wasanni sun rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, amma ba su da shafin da ake rubuta wadda ta tashi da asuba ta hura wuta. Ni kaina sai da na yi shekaru cikin aikin bishara kafin in gane haka. Akwai lokacin da nake fita wa'azi ƙauyuka mako biyu, mako uku, in dawo in tarar an yi jinyar yaro an gama, an ci bashin magani an biya, ni kuwa ina ba da shaida a gaban jama'a a kan abin da Ubangiji ya yi ta hannuna. Ranar da uwargidana ta zaunar da ni ta lissafa mini kwanakin da na kwana a gida cikin wata uku, ban sami bakin magana ba. A wannan shekarar ce kuma gyambon ciki ya kwantar da ni, saboda azumin da nake ɗorawa a kan tafiya ba tare da shawarar kowa ba. Likitan bai yi mini wa'azi ba, ya dai tambaye ni yaushe rabona da karin kumallo.

A 1964 Olamfik ta koma Tokyo. Saura kwana 40 tseren, yana horo a Debre Zeit, ciki ya murɗe masa. Aka kai shi asibiti, aka ga ciwon afendis ne, wato kumburin ɗan wutsiyar nan da ke jikin hanji. Ranar 16 ga Satumba aka yi masa tiyata. Kafin a sallame shi ya fara ɗan sassarfa da dare a harabar asibitin. Ban kawo wannan don ka kwaikwaya ba. Wanda aka yi wa aiki a ciki ya bi maganar likitansa. Jikin Abebe ya yi shekara goma ana gina shi kullum, shi ya sa ya farfaɗo da wuri haka.

Ranar 21 ga Oktoba, mako biyar da yanka, ya shiga tseren, wannan karon da takalmi da safa. Tun wajen kilomita 20 ya bar kowa a baya. Ya shigo filin shi kaɗai, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa sabon tarihi. Maimakon ya faɗi, sai ya koma kan ciyawa yana miƙe gaɓoɓi, ya kwanta rigingine yana juya ƙafafu a sama kamar mai tuƙa keke, jama'a suna ta dariya da tafi. Sai da aka yi fiye da minti huɗu na biyu ya iso. Kafin shi ba wanda ya taɓa cin wannan tsere sau biyu a Olamfik. A wannan gasar ce ma ɗan dambenmu Nojim Maiyegun ya ciyo wa Nijeriya lambarta ta farko, ta tagulla.

Akwai wani a cikin tseren nan da ba na iya wuce shi. Kokichi Tsuburaya, sojan Japan, shi ne ya shigo filin a matsayi na biyu, a gaban mutanen ƙasarsa. Saura 'yan mitoci, Basil Heatley na Ingila ya wuce shi, ya ƙare na uku. Lambar tagulla ce, abin alfahari, amma shi ya ɗauke ta abin kunya, ya ƙudura sai ya rama a gasa ta gaba. Yana da yarinyar da yake so ya aura, shugabansa a makarantar horon sojoji ya ƙi, wai aure zai raba masa hankali, har maganar ta watse. Ciwon baya ya kama shi, gudun ya ƙi. A watan Janairu na 1968, yana ɗan shekara 27, ya kashe kansa. Wasiƙar da ya bari, yawancinta godiya ce ga iyayensa da yayyensa, ɗaya bayan ɗaya, a kan irin abincin da kowannensu ya ba shi, sa'an nan ya nuna ya gaji. Da ya zo ƙarshe, abin da ya tuna shi ne kwanon gida da hannun da ya miƙo masa. Waɗanda suka hana shi aure suna ganin taimakonsa suke yi. Shugabannin matasa da dattawan ikkilisiya, mu yi hankali da nauyin da muke ɗora wa yara masu baiwa. In kuma kai ne ka kai ga irin wannan gajiya, kada ka rufe ta a ciki, ka nemi fasto ko likita ko ɗan'uwan da ka yarda da shi yau ɗin nan.

Abebe ya koma gida aka ba shi laftanar, da gida, da mota tasa ta kansa, Volkswagen irin ƙaramar nan mai ƙusumbi da inji a baya. Ya ƙara cin tsere a Japan a 1965, da Sifen da Koriya ta Kudu a 1966. Daga nan jiki ya fara magana. A 1967 tsokar cinya ta hana shi gama wani tsere a Sifen. A 1968 ya je Olamfik ta Meziko da tsagewar ƙashi a ƙwauri, ya yi wajen kilomita 16 ya fita. Abokinsa kuma ɗan rundunarsu, Mamo Wolde, shi ya ci, zinaren ya zauna a Habasha karo na uku a jere. Aka ƙara wa Abebe girma zuwa kyaftin.

Daren 22 ga Maris, 1969, yana tuƙa motar nan da aka ba shi kyauta, ta ƙwace ta kife da shi. A ciki ya kwana, sai da safe aka ciro shi. Wuyansa ya karye. Mutumin da duniya ta sani da ƙafa, ƙafar ce ta tafi, bai ƙara takawa ba. A kwanakin farko ko hannu ba ya iya ɗagawa. Bayan mako guda aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda suka ƙware a jinyar laka, ya yi wata takwas. Sarauniya Elizabeth ta je duba shi, wasiƙu suka yi ta zuwa daga ƙasashe. Sannu a hankali hannuwan suka dawo.

Ɗan'uwa, a nan ne na fi ganin girman mutumin, fiye da daren Roma. Ka san akwai masu tambaya, in irin wannan ta sami mutum, wane zunubi ya yi. Almajiran ma sun yi wannan tambaya a kan makahon nan na Yahaya sura 9, ka koma ka karanta amsar da aka ba su. Akwai kuma waɗanda za su zo su yi addu'a sau ɗaya da ƙarfi, in mutum bai tashi daga keken ba su ɗauke ƙafa, su bar shi da zargin kansa cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Na ga an yi haka a cikinmu, kuma ba daidai ba ne. Muna gaskata Allah yana warkarwa. Muna kuma da 'yan'uwa a kan keken guragu waɗanda matakalar ƙofar majami'armu ta hana su shiga sujada, ba wanda ya kawo buhun siminti ɗaya a gyara.

Abin da Abebe ya yi shi ne ya koma ga kalmar nan tasa, kullum. Ya ɗauki horon da ya saba ba ƙafa ya mayar wa hannu. A 1970 ya koma Stoke Mandeville, wannan karon ɗan wasa, ya shiga gasar masu keken guragu a harbin kibiya da ƙwallon tebur. A 1971 aka gayyace shi Nowe, ƙasar ƙanƙara, ya shiga tseren keken kan ƙanƙara da karnuka ke ja, na kilomita 25, ya zo na ɗaya cikin awa 1 da minti 16. A 1972 ya halarci Olamfik ta Munik a matsayin baƙo na musamman, jama'ar filin suka miƙe tsaye suna masa tafi. Ba'amurken da ya ci tseren fanfalaki a shekarar, Frank Shorter, da ya karɓi lambarsa sai ya nufi inda keken Abebe yake ya ba shi hannu. Mamo Wolde ne ya zo na uku, yana ɗan shekara 40.

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye akwai kwanaki fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar da ba a ɗauki hotonsu ba. Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya san su: ɗagawa, juyawa don kada gyambo ya fito a baya, wanka, kai wa bayan gida, haƙuri da fushin mutumin da ya saba yi wa kansa komai. Mutumin da dā gida ke ganinsa jefi-jefi, yanzu ga shi a gida, 'ya'yansa ƙanana suna girma a gefen kekensa. 'Yarsa ce daga baya ta rubuta littafin tarihin rayuwarsa.

Ranar 25 ga Oktoba, 1973, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, abin da likitoci suka danganta da haɗarin nan na shekara huɗu baya. Ya rasu a Addis Ababa yana da shekara 41. An yi masa jana'iza irin ta manyan sojoji, dubban mutane suka fito, Haile Selassie da kansa ya halarta, shi da ko shekara ba ta cika ba sojoji za su tuɓe shi daga sarauta. Aka binne Abebe a makabartar majami'ar Yusufu Mai Tsarki. Ya bar Yewebdar da 'ya'ya huɗu. Aurensu shekara goma sha uku ne da wata bakwai, huɗu da rabi daga ciki yana kan keke.